George Blanda: ƙafa ce ta kai shi shekara 48 a fili, ko hannu?

Nura Jos:
Salamu alaikum jama'a. Ina so mu taɓa maganar George Blanda, wanda ya buga ƙwallon Amurka ta ƙwararru har kaka 26, daga 1949 zuwa 1975, ya yi wasansa na ƙarshe yana da shekara 48. Har yau babu wanda ya kamo shi a yawan kakar wasa, babu kuma wanda ya shiga fili da shekarun da suka kai nasa. Wannan ba gardama. Abin da ban gamsu da shi ba shi ne yadda ake jera shi da manyan kwatabak, wato masu jifa da ke jagorantar hari. Daga 1967 da ya koma Oakland Raiders, mai jiran gado ne a bayan Daryle Lamonica, bugu ne aikinsa na kullum. Tom Brady ya bari yana da 45 bayan kaka 23, kuma shi ke fara wasa ana kai masa karo kowane mako. Sannan ku duba alƙaluma: Blanda ya jefa tacdawun (jifar da ta kai ga cin maki 6) 236, amma abokan hamayya sun cafke jifarsa sau 277. A bugun maki uku ya ci 335 cikin fiye da 600, rabi ne da ɗoriya kaɗan. Mai bugun da ke cin rabi a yau ba zai kai watan Oktoba a ƙungiya ba. To ina girman yake?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam, Malam Nura. Alƙaluman da ka kawo daidai suke, amma ka auna su da mudun yau. Fara da yawan 'yan wasa. A farkon shekarun 1950 ƙungiya tana riƙe mutum 33 ne kacal, a ƙarshen shekarun 1960 aka kai 40, yau kuwa 53. Idan gurbi ya yi ƙaranci haka, koci ba ya ware wa mutum kujera don bugu kawai. Shi ya sa Lou Groza na Cleveland yake tsaron layi kuma yake bugu, shi ma Blanda a shekarunsa na farko a Chicago Bears har tsaron baya ya yi. Mutumin da zai iya bugu, ya kuma karɓi ragamar hari idan kwatabak ya ji rauni, ya cike gurbi biyu da albashi ɗaya. Dalilin da Al Davis, shugaban Raiders, ya ɗauke shi kenan a 1967 yana dab da cika 40, bayan Houston ta sallame shi. Ba tausayi ba ne, lissafi ne. A kakar farko a Oakland shi ya fi kowa maki a gasar AFL (kishiyar babbar gasar NFL a lokacin), 116, kuma ƙungiyar ta kai wasan Super Bowl na biyu (wasan fitar da zakaran zakaru), inda Green Bay ta doke ta 33 da 14.

Ummi Z:
Malamai, don Allah a ɗan sassauta saboda waɗanda ke bin zaren ba su daɗe da fara kallon wasan ba. Yaya ake ƙirga makin, kuma ta yaya Blanda shi kaɗai ya tara maki 2,002 a rayuwar wasansa?

Malam Sani:
To Malama Ummi. Filin yadi 100 ne, da ƙarin yadi 10 a kowane ƙarshe. Ƙungiya tana da dama huɗu ta ci yadi 10. Idan ta shigar da ƙwallo yankin ƙarshe, tacdawun kenan, maki 6, sai a ba ta bugun ƙari mai maki 1. Idan ta maƙale a dama ta huɗu kuma ta matso kusa, sai ta buga tsakanin sanduna, maki 3. Na Blanda ga yadda suka taru: bugun maki uku 335 ya ba da 1,005, bugun ƙari 943, sai tacdawun 9 da ya shiga da ƙafarsa, 54. Jimla 2,002. Ki lura, tacdawun 236 da ya jefa ba sa cikin lissafin nan, domin wanda ya cafe ake rubuta wa makin. Wannan tarihi na yawan maki ya tsaya har shekarar 2000 kafin Gary Anderson ya wuce shi.

Abu Fatima:
Bari in shiga maganar rabi da ɗoriya, domin nan ne mutane suka fi yi wa masu bugun da rashin adalci. Akwai dalilai huɗu, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Mafi girma shi ne dokar abin da ke biyo bayan kuskure. Kafin 1974, idan ka buga daga nesa ka ɓarar, ƙwallo ta fita ta baya, abokan hamayya daga yadi 20 nasu za su fara. Wato gwada bugu mai nisa bai da wata asara, kusan daidai yake da ka buga musu ƙwallon can ka rabu da ita. Don haka koci kan tura mai bugu ya gwada abin da shi kansa ya san da wuya ya shiga. Duk waɗannan suna cikin 600 ɗin da Malam Nura ya ambata. A 1974 aka ce a mayar da ƙwallo layin da aka fara, a 1994 aka ƙara tsanantawa aka ce daga inda aka buga. Tun daga nan koci ba ya tura mutum sai ya ga alamar ci.

Na biyu, kusurwa. Faɗin fili yadi 53 da sulusi ne. Kafin 1972 layukan da ake ajiye ƙwallo a kansu suna yadi 20 daga kowane gefe, tazarar da ke tsakaninsu ƙafa 40 kenan, alhali faɗin sanduna ƙafa 18 da inci 6 ne. Haɗa wannan da cewa sandunan a kan layin ci suke, ba a bayan yankin ƙarshe ba. Idan kana kusa kuma ƙwallo tana layin gefe, ƙofar sai ta tsuke maka ƙwarai. A 1972 aka matso da layukan suka yi daidai da faɗin sanduna.

Na uku, ƙasa. Bears a Wrigley Field suke wasa, filin besbol. Houston Oilers sun yi kakarsu biyar ta farko a Jeppesen, filin makarantun sakandare. Oakland kuma daga 1968 sun raba fili da ƙungiyar besbol ta Athletics, farkon kaka akwai jar ƙasa tsirara a tsakiyar fili. Na huɗu, babu ƙwararren da aikinsa kawai miƙo ƙwallo, ɗan tsakiyar layi ne ke yi bayan ya sha karo da hannuwansa duk wasan. Saboda haka a zamanin gasar gaba ɗaya kusan rabi ake ci. Yau ana cin wajen 85 cikin 100.

Nura Jos:
Abu Fatima, na karɓi na farko da na uku. Amma sandunan da ke kan layin ci ai sauƙi ne gare shi. Yadi 10 aka rage masa a kowane bugu.

Abu Fatima:
Haka ne, kuma ya kamata a riƙa faɗa idan ana kwatanta nisa. Ana ajiye ƙwallo kimanin yadi 7 bayan layi. A 1970, bugun yadi 48 yana nufin ƙungiya tana kan yadi 41. Yau daga yadi 41 ɗin nan bugun yadi 58 ko 59 ne, domin sai ka ƙara 10 na yankin ƙarshe, kuma yanzu da yawa suna ja baya yadi 8. Amma ƙafar ba ta san wannan ba, yadi 48 dai ta buga a da, 48 take bugawa yanzu. Abin da ya canza shi ne daga ina koci zai fara tunanin bugu, ba wahalar bugun ba.

Baba Audu:
'Ya'yana, kun yi maganar doka da fili, ba ku taɓa ƙafar kanta ba. Blanda da tsinin takalmi yake bugu, kai tsaye, irin wanda yara ke yi a ƙwallon unguwa kafin a koya musu bugu da cikin ƙafa. Sai dai nasa da kayan aiki da tsari.

Takalmin ƙafar bugu daban yake da ɗayan. Bakinsa a shafe yake mai kusurwa huɗu, tafinsa mai tauri, kuma yana rufe idon sawu. Mai bugu yana tsayawa a bayan ƙwallo sak, shi da ƙwallo da tsakiyar sanduna a layi ɗaya. Taku biyu ne, ko ɗaya da rabi: gajeren taku da ƙafar bugu, cikakken taku da ƙafar dogaro wadda ke sauka kaɗan a baya da gefen ƙwallo, sai lilo. Idon sawu a kulle, yatsu a ɗage sama, gwiwa ta miƙe daidai lokacin haɗuwa. Ana dukan ƙwallo kaɗan ƙasa da tsakiyarta. Kai a sunkuye har ƙafa ta gama tashi.

Inda ake samun matsala: wurin da takalmi ke taɓa ƙwallo ƙarami ne ƙwarai. Ka kauce da yatsa ɗaya zuwa dama ko hagu, a yadi 40 ta bar sanduna. Idon sawu ya saki, yatsu su faɗi, ƙwallo ta tafi ƙasa-ƙasa a tare ta a layi. Ka daka can ƙasa sosai, ta tashi sama tana juyi da sauri ta faɗi kafin ta isa. Ka ɗaga kai da wuri don ganin inda ta nufa, kafaɗa ta buɗe, ƙafa ta bi ta. Sannan mai riƙewa: dole ya cafe, ya dasa ta a daidai wurin da aka nuna, ya juya ɗinkin ya kalli sanduna. Ɗinki ya kalli gefe, ƙwallo ta karkata can. Daga miƙowa zuwa bugu duka kimanin daƙiƙa 1.3 ne, in ya wuce haka masu tarewa daga gefe sun iso.

Pete Gogolak, haifaffen Hangari, shi ya kawo bugu daga gefe cikin ƙwararru a Buffalo a 1964, sai Jan Stenerud ɗan Norwe a Kansas City a 1967. Nasu taku uku baya, biyu gefe, a daki ƙwallo da ƙashin saman ƙafa. Wurin haɗuwa ya fi faɗi, ƙugu yana juyawa ya ƙara ƙarfi, shi ya sa ya kori tsohon salon. Mark Moseley na Washington ne na ƙarshe da ya daɗe yana bugun tsini, har ya zama gwarzon gasar a 1982. A ganina, kuma ra'ayi ne, bugun tsini ya taimaki Blanda wajen daɗewa: lilo ne gaba da baya, babu murɗa ƙugu da gwiwar dogaro sau dubbai.

Hajiya Binta:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, bayanin ya fito. Ni kuma ban yarda a bar hannunsa a baya ba, domin Malam Nura ya fara labarin ne daga 1967 kamar babu abin da ya gabata.

Bears sun ɗauke shi a zagaye na 12 na zaɓen sabbin 'yan wasa a 1949 daga Jami'ar Kentucky, inda ya yi wasa ƙarƙashin koci Bear Bryant. Sai 1953 ya zama mai farawa, kuma a shekarar ya fi kowa yawan jifan da abokan wasansa suka cafe a NFL. Rauni a 1954 ya raba shi da gurbin, koci George Halas ya mayar da shi mai bugu kawai. Bayan kakar 1958 ya ajiye wasa saboda hakan, ya zauna 1959 bai buga ba. Wanda bugu ya ishe shi ba zai yi haka ba.

Da aka kafa AFL a 1960 ya tafi Houston Oilers yana da 33, ana ce masa wanda NFL ta yar. Ya ci kofin gasar a kakar farko, 24 da 16 a kan Chargers, da jifar yadi 88 ga Billy Cannon. A 1961 suka fara da nasara ɗaya cikin wasa biyar, aka ajiye shi a benci, aka kori koci Lou Rymkus. Wally Lemm ya karɓa, Blanda ya dawo, suka ci wasa tara a jere, suka sake doke Chargers 10 da 3 a wasan ƙarshe, kuma duk maki goman ta hannunsa da ƙafarsa suka bi. A kakar nan ya jefa tacdawun 36 cikin wasa 14, bakwai daga ciki a rana ɗaya a kan New York Titans. Y.A. Tittle ya yi daidai da 36 ɗin a 1963, amma ba a wuce ta ba sai 1984, lokacin Dan Marino, a kaka mai wasa 16.

Nura Jos:
Hajiya, ki ƙarasa. Shekarar da ta biyo baya, 1962, an cafke jifarsa sau 42. Har yau tarihi ne, ba wanda ya kai. Jameis Winston ya yi 30 a 2019 duniya ta yi ta magana. Kuma a wasan ƙarshe na 1962 da Dallas Texans an cafke masa biyar, suka faɗi 20 da 17 a ƙarin lokaci na biyu.

Hajiya Binta:
Ba zan kare 42 ba, ta yi yawa ko a zamaninsa, kusan ɗaya cikin kowace jifa goma. Amma a kakar nan ɗin ƙungiyar ta ci wasa 11 cikin 14. Abin da ke jawo yawan cafkewa a lokacin sananne ne. Kafin gyaran dokokin 1974 da 1978, mai tsaro yana iya bangazar mai cafewa duk tsawon fili muddin ba a saki ƙwallo ba. Kwatabak yana jifa ne zuwa inda mutuminsa zai kai, ba inda yake ba. In an tare shi a hanya da rabin daƙiƙa, ƙwallo ta isa wurin ba kowa sai abokin hamayya. A 1978 aka taƙaita bangaza ga yadi 5 na farko, aka kuma bar masu tsaron layi su miƙa hannu su buɗe tafi. Kafin nan da gwiwar hannu a naɗe suke tarewa, kwatabak bai da lokacin jira. Ƙari kuma, harin Houston na dogon zango ne, ba gajerun jifa masu aminci irin na yau ba. Charlie Hennigan ya tara yadi 1,746 a 1961 ta wannan hanya. Mai jifa nesa yana cin riba da yawa, yana kuma asara da yawa. Blanda shi ke zaɓar dabarar kowane hari da kansa a fili, babu na'urar magana a hular kwano, wannan sai 1994 ta zo.

Ɗan Maraɗi:
Ni abin da ya raba mini gardamar nan shi ne makonni biyar na 1970, yana da 43, domin a nan ne aka ga amfanin gurbi biyu a jiki ɗaya. Ranar 25 ga Oktoba Lamonica ya ji rauni a wasan Pittsburgh, Blanda ya shiga ya jefa tacdawun uku, suka ci 31 da 14. Mako na gaba a Kansas City, saura daƙiƙa 3, ya buga yadi 48 aka tashi 17 da 17, lokacin babu ƙarin lokaci a wasannin kaka. Ranar 8 ga Nuwamba da Cleveland, ya sake karɓar Lamonica, ya jefa tacdawun da ta daidaita wasa saura ƙasa da minti biyu, sannan shi ya ja ƙungiyar zuwa tsakiyar fili, shi kuma ya buga fiye da yadi 50 saura daƙiƙa 3, 23 da 20. A Denver ya shigo a zangon ƙarshe ya jefa wa Fred Biletnikoff ta nasara, 24 da 19. Da San Diego kuma gajeren bugu na yadi 16 a daƙiƙun ƙarshe, 20 da 17.

Ku dubi na Cleveland da kyau. Wanda ke jan hari shi ne zai yi bugun, don haka ya san daidai yadin da yake bukata, ya san ta wane gefe iska ke kaɗawa, ya san wane layi ya fi masa daɗin bugu, kuma yana zaɓar jifa da duk wannan a ransa. Amma akwai wahala a ciki: yana haki, bugun zuciya a sama, ba shi da damar ɗumama ƙafa a gefen fili kamar mai bugun yau da ke da raga yana ta gwaji. Oakland ta gama kakar da nasara 8, faɗuwa 4, kunnen doki 2, Kansas City kuma 7, 5, 2. Ba don makonnin nan ba, da jagorancin rukuninsu ya kuɓuce musu. Kamfanin dillancin labarai na AP ya zaɓe shi gwarzon ɗan wasa namiji na shekarar a duk wasannin Amurka.

Abu Fatima:
Ƙari kan ranar 8 ga Nuwamban nan: ita ce ranar da Tom Dempsey na New Orleans ya buga yadi 63 a kan Detroit, shi ma kai tsaye, da takalmi na musamman saboda an haife shi babu yatsu a ƙafar dama. Wannan nisa ya tsaya ba a wuce shi ba har 2013. Salon tsini bai rasa ƙarfi ba, daidaito mako bayan mako ne ya gagare shi.

Nura Jos:
Ɗan'uwa na Maraɗi, makonni biyar ɗin ba abin musu ba ne. Amma John Madden, kocin Oakland, bai ba shi gurbin farawa ba ko bayansu, kuma a wasan zuwa Super Bowl da Baltimore sun faɗi 27 da 17, an cafke masa jifa a zangon ƙarshe lokacin da ake bukatarsa. Matsayina shi ne: hannu ya ba shi suna, amma daga 1971 zuwa 1975 ƙafa ce kawai ta riƙe shi. In za a yi jerin kwatabak mafi daɗewa, a tsayar da nasa lissafin a 1966, ko a yi masa alfarma zuwa 1970.

Malam Sani:
A wasan Baltimore ɗin shi ya jefa tacdawun biyun, shi ya buga bugun ƙari biyun da na yadi 48, wato duk maki 17 sun bi ta kansa, bayan ya shigo a madadin Lamonica. Game da Madden kuma, mai shekara 43 ba zai jure karon wasa 14 cikakku ba, kuma idan ya ji rauni ƙungiya ta rasa mutum biyu a lokaci guda. Ajiye shi a benci kare mai bugu ne. Daga baya matashin kwatabak Ken Stabler ya taso, bukatar hannunsa ta ragu, duk da haka a Disambar 1974 yana da 47 ya shiga wasan Dallas ya jefa wa Cliff Branch tacdawun.

Inda zan ba ka gaskiya shi ne shekarun ƙarshe. Ƙafar ta rage nisa. Da Raiders suka ɗauki Ray Guy a zagayen farko a 1973, shi ya karɓi bugun buɗe wasa, wanda ke bukatar nisa da tsayi, aka bar wa Blanda bugun maki. Sai ga shi a 1974 an mayar da sanduna baya da yadi 10, abin da ya fi cutar da mai bugun da nisansa ke raguwa. Wasansa na ƙarshe ranar 4 ga Janairun 1976 ne a Pittsburgh, a fili mai ƙanƙara, ya ci bugun yadi 41, suka faɗi 16 da 10. A watan Agusta aka sallame shi, aka ba matashi Fred Steinfort gurbin.

Ummi Z:
To sauran tarihin nasa, wanne ya rage, wanne aka karya?

Hajiya Binta:
Wasa 340 da ya buga, Morten Andersen ya wuce su a 2004, ya tsaya a 382 cikin kaka 25, ya bari yana da 47. Cafkewa 277, Brett Favre ya wuce a 2007. Maki kuma yanzu Adam Vinatieri ke gaba da 2,673. Amma ki tuna a shekaru goman farko na Blanda wasa 12 ake yi a kaka, sauran kuma 14, alhali waɗannan sun yi zamanin 16. Waɗanda suka rage a hannunsa: kaka 26, shekara 48, bugun ƙari 943, da cafkewa 42 a kaka ɗaya. Na bugun ƙarin ya ƙara wuyar kamowa tun 2015, da aka mayar da shi layin yadi 15 ya zama bugun yadi 33, ga kuma ƙungiyoyi suna yawan neman maki biyu maimakonsa. An shigar da shi zauren gwaraza na Canton a 1981, shekarar farko da ya cancanta. Ya rasu ranar 27 ga Satumba 2010 yana da 83.

Baba Audu:
Malam Nura, in kana son gwaji mai adalci kan ƙafar, ga yadda za ka yi. Kada ka ɗauki kason rayuwarsa gaba ɗaya. Raba shi uku: Chicago, Houston, Oakland. A kowace kaka ka ajiye kasonsa kusa da na gasar a shekarar, sannan ka ware bugun da ya haura yadi 40 daban, tunda kafin 1974 yawancinsu gwaji ne marar asara. Za ka ga kasonsa a Oakland ya fi na Houston nesa ba kusa ba, duk da ya fi tsufa. A Houston yana zuwa bugu ne bayan ya sha karo a dama uku da suka gabata, wani lokaci da ƙyar yake tashi. A Oakland yawanci daga benci yake fitowa da ƙafa a huce.